Shagon da ya gano mini abin da ke ɓata hulunan tuntu

Sana'ata ƙirar fari ce, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da na rage aikin guduma na koma aikin matsi, inda nake buga 'yan hulunan tagulla da ake rufe kan tuntu da su a kayan doki, da zobban da ake sa wa gindin sanda da bakin kube. Yawancin abin da nake bugawa dukawa da masu kayan doki na Kasuwar Kurmi ne ke saye, su kuwa mutane ne masu ido, domin kafin su tambayi farashi sai sun juya hular a tafin hannu sun ga yadda take ɗaukar haske. Idan suka ga zane ko lotsawa, ko da bai kai ƙwayar gero ba, gefe suke ture ta, kuma suna da gaskiya, tunda kayan da za a ɗora wa dokin hakimi ranar Hawan Daushe ba a yi musu uzuri. Wannan rubutu bayani ne a kan wani shagon sassaƙar ƙarfe da ke wajen Ƙofar Ruwa, wanda na kai wa dayis ɗina a hunturun da ya wuce. Na bar sunansa da na mai shi saboda zan faɗi abin da na yaba tare da abin da ya ɓata mini rai.

Ga wanda bai san aikin ba, dayis ƙarfe biyu ne, namiji da mace. Ana yanko faifai daga farantin tagulla, nawa kaurinsa rabin milimita ne, a ɗora shi a bakin ramin macen, sannan injin matsi ya turo namijin ya cusa faifan ciki, ya fito kamar ƙaramin kofi. Daga nan sai a sake matsa shi a wani dayis mai ƙaramin rami don ya ƙara zurfi, a na ƙarshe kuma a kumbura kansa ya zama hula. Ba a narka komai, ba a kuma rage komai. Tagullar ce ake tilasta wa ta gudana da sanyinta, shi ya sa duk abin da ya same ta a hanya, ko datti ko yawan mai ko zafin wuta, sai ya bar shaidarsa a fatarta.

Ana saura wata guda azumi, lokacin da odar kayan sallah ke shigowa, ɓarna ta yi mini yawa har ta kai kusan uku a cikin kowace goma. Na tattara dayis ɗina gaba ɗaya na nufi shagon da niyyar a yi mini sababbi, domin na riga na yanke hukunci cewa su ne suka tsufa. Mai shagon dattijo ne da ya haura sittin, kuma ko kallon buhun dayis ɗin bai yi ba.

"Malam, ɓatattun nake son gani tukuna, ina suke?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ai su na zubar cikin sharar tagulla, gyara na kawo."

Ya ce in koma in kwaso su, kuma kada in wanke ko ɗaya. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, amma washegari da na zube masa su a faranti, sai ya ja kujera bakin ƙofa inda hasken safiya ke shigowa a karkace, ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana bin ta da farcen babban yatsa. Kafin rabin awa ya raba su tsibi biyar: masu dogon zane daga gindi zuwa baki, masu lotsawa a kai, masu tamoji a baki, masu fata gurje-gurje kamar ɓawon lemo, sai kuma 'yan kaɗan da suka tsage, waɗanda wani mai saye ya dawo mini da su bayan damina. Ya ce kowane tsibi cutarsa daban, kuma wanda ya ba su magani ɗaya asarar kuɗi kawai zai yi.

Kan maganar zane ne na fara gane cewa na zo wurin da aka san aiki. Ya sa aka ɗaura dayis ɗina na farko a injinsa, ya ɗauki faifai goma ya ɗiga wa kowanne tawada a gefe, ya kuma yi alama a jikin dayis ɗin, sannan ya matsa su duka da ɗigon yana kallon alamar. Hikimar a fili take da zarar an gani. Idan zanen yana fitowa a wuri ɗaya kullum, to wani abu ne ya maƙale a jikin dayis. Idan kuwa yau yana gabas gobe yana yamma, to tare da faifan yake shiga. A cikin goman nan zane ɗaya ne ya tsaya a wurinsa, kuma da ya haska ramin da tocila ya ba ni gilashin ƙara girma, na ga wani ɗan ɓurɓushin tagulla ya like wa ƙarfen kamar an yi masa walda. Irin wannan likewa tana farawa ne a inda mai ya yanke, tagulla ta gogi ƙarfe tsirara, kuma kowace hular da ta wuce sai ta ƙara masa girma ta fita da karce. Sauran zanen duka ƙurar hunturu ce. Shagona a buɗe yake, faifan da aka shafa wa mai suna kwana a tire ba rufi, kuma ƙurar da ke sauka a Kano daga Disamba zuwa Fabrairu cike take da rairayi wanda ya fi tagulla tauri nesa ba kusa ba. Ya cire abin da ya like da dutsen wasa mai laushi, ya bi ramin da sanfefa mai lamba 400, sannan 800, sannan 1200, kuma abin da na lura shi ne a gogewar ƙarshe ya kashe injin ya riƙa jan sanfefar daga sama zuwa ƙasa. Ya ce idan aka goge ana juyawa, layukan da sanfefa ke bari suna gitta hanyar tagullar kamar kunya a gona, amma idan suka bi hanyar da take bi, sai ta zame a kansu.

Tsibi na biyu, masu lotsawa, shi ya fi ba ni mamaki, domin na daɗe ina ganin cewa yawan mai kariya ce. Baƙin mai nake karɓowa wurin bakanike, yarona kuma ya jiƙa tsumma ya lafta wa kofunan kafin matsin ƙarshe. Dattijon ya nuna mini cewa lotsawar santsi gare ta, ba ta da kaifi a gefe, kuma ba ta zama wuri ɗaya, wanda ke nufin ba ƙarfe ne ya buge ta ba. Mai ba ya matsuwa kamar iska. Idan ɗigo ya maƙale tsakanin kan hular da rufaffen ramin dayis, ba shi da mafita, sai ya danna tagullar ciki ya samar wa kansa wuri. Da ya duba kuma sai ya tarar ƙaramar hudar da aka yi don iska da rarar mai su fita ta toshe da dauɗa, ya zura siririyar waya ya buɗe ta. Shi kansa baƙin man bai yarda da shi ba, saboda yana ɗauke da gari-garin ƙarfen da injin mota ya ci, ga shi yana dusar da hasken tagulla. Daga cikin abin da masu wannan aiki a ƙasashen waje ke amfani da shi akwai lanolin, wato maiƙon da ake cirewa daga ulun tumaki, a gauraya da man zurma. Idan bai samu ba, ya ce tataccen kitse da man zurma suna yi. Ƙa'idarsa a kan yawa ita ce a ji man a yatsa amma kada a gan shi da ido. Tun daga ranar nake mutsuka ɗan kaɗan a tafin hannu in birgima kofunan a ciki, kuma lotsawa ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke.

Masu fatar lemo laifin wuta ne. Tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka matsa ta, don haka tsakanin matsi da matsi dole a gasa ta ta yi laushi, in ba haka ba ta tsage. Ni kuwa a gawayi nake gasawa da tsakar rana, ina jira sai na ga ta yi jajir, alhali a cikin hasken rana duk abin da ido ya gani ja, ya riga ya wuce gona da iri. Tagullar da ta dace da wannan aiki, mai kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, ana gasa ta ne tsakanin digiri 425 zuwa 750 a ma'aunin Salshiyas, kuma tana fara narkewa da an haura digiri 900 kaɗan. Idan zafi ya yi yawa ko aka daɗe, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen sai su girma, kuma a matsi na gaba kowace ƙwaya ta miƙe ta nata ɓangaren, fatar ta fito gurje-gurje yadda babu gogewar da za ta ɓoye ta. Shawararsa ita ce in riƙa gashi da asuba ko bayan magariba, in sauke da zarar ja mai duhu ya fara bayyana. Ya kuma gyara mini wani tunani da na gada, na cewa tsoma tagulla mai zafi a ruwa yana ƙara mata tauri. Wannan ɗabi'ar ƙarfen wuƙa ce. Tagulla ko an tsoma ko an bar ta ta huce, laushinta ɗaya ne.

A tsibin masu tamoji ne kawai ya yarda cewa dayis na da laifi na gaske. Tamojin baki yana fitowa ne saboda gefen faifan yana da faɗi fiye da ramin da za a cusa shi, dole ya tsuke, kuma idan babu abin da ya danne shi sosai sai ya naɗe kamar bakin zane. Sifirin ɗin da ke danne zoben da ke riƙe gefen faifan ya saki, leɓen ramin kuma ya cinye ya yi faɗi saboda yawan gogewar da muke yi masa ba bisa ƙa'ida ba. Bayan wannan, ya auna ya ce na ɗora wa matsin farko abin da ya fi ƙarfinsa, domin faifaina milimita 44 ne, namijin kuma 20, alhali a matsi guda faifai bai kamata ya wuce ninki biyu na faɗin namijin ba. Maimakon sababbi uku da na zo nema, guda ɗaya ya ce zai yi mini, mai faɗin milimita 24, a sa shi a gaba, tsofaffin su biyo baya. Ya sassaƙa shi daga tsohon boris na babbar mota, ya zagaye leɓen da kimanin ninki shida na kaurin farantin, ya bar tazara tsakanin namiji da mace da ta ɗara kaurin da kusan kashi ɗaya cikin goma. Na tsaya a kansa lokacin da yake gwadawa, na ga kofin farko ya faɗo da baki sumul, sai 'yan kunnuwa huɗu a gefe, waɗanda ya ce daga yadda aka murje farantin a masana'anta suke, kuma yankewa kawai ake yi.

Kafin ya taɓa komai ma sai da ya gwada farantin kansa, ya huda gefensa ya duba abin da ya fito. Tagullar matsi tana ba da dogon sili mai naɗewa, wadda aka sa wa dalma kuwa, irin ta famfo da makullai, gari-gari take fitarwa, kuma tsagewa take yi idan aka matsa ta da sanyi. Tunda faranti a kasuwarmu ba ya zuwa da takarda, wannan ɗan gwaji ya cancanci a koya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa a kan waɗanda suka tsage. Waɗannan huluna lafiya lau suka bar hannuna, aka ɗinka su a kaya, aka hau da su, sannan bayan damina aka tarar sun dare daga baki kamar an tsaga da reza, ba tare da wani ya taka su ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wato a ina mai kayan yake rataye su. Da na bincika, a ɗakin da ke jikin bargar dawakinsa ne. Dattijon ya ce wannan cuta tsohuwa ce, kuma daga baya na karanta na tabbatar da maganarsa. Sojojin Ingila da ke Indiya sun sha ganin kwanson harsasansu na tagulla yana tsagewa bayan an ajiye shi a barga lokacin damina, har suka riƙa danganta abin da yanayin shekara, kuma sai a 1921 wasu masana uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana dalilin. Amoniyar da ke tashi daga fitsarin doki, idan ta haɗu da laima, tana cin tagullar da matsi ya bar wa ɗaurewa a ciki, ta bi tsakanin ƙwayoyinta ta raba su. Hular da ta fito daga matsin ƙarshe a ɗaure take kamar igiyar baka, ko da ido bai gani ba. Maganin shi ne a ɗumama ta bayan an gama, zafi kaɗan na wajen digiri 260 zuwa 300 na kimanin awa guda, wanda ya isa ya sassauta ɗaurewar ba tare da ya kashe taurin ba. Yanzu a tanda ta lantarki nake yin wannan, kuma ina gaya wa duk mai saye ya raba kayan ƙawa da barga. Shekarun da na yi ina sayar wa masu doki tagulla, babu wanda ya taɓa haɗa mini waɗannan abubuwa biyu sai shi.

Wannan hira ce ta kai mu ga wata ƙa'ida ta shagon da ya kamata mai zuwa ya sani. Tagulla mai kashi 70 da 30 sunanta ma a wurin Turawa tagullar kwanson harsashi, kuma a Amurka, inda doka ta ba mutane damar matsa harsashi a gida don harbin gasa, koke-kokensu irin nawa ne, wato lotsawar yawan mai da karce da tamoji. A nan kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera makami ko harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma aikin na masana'antar makamai ta gwamnati ne, wato DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964. Saboda kusancin aikin biyu, dattijon ba ya karɓar zane a takarda shi kaɗai. Sai ya ga abin da za a buga da idonsa, ya san sana'ar mutum da inda shagonsa yake, kuma ya ce duk abin da ya yi masa kama da kayan bindiga yana mayar da shi ko nawa za a biya. A halin da Arewa take ciki, wannan ya ƙara masa daraja a wurina.

Sai dai shagon yana da nakasu, kuma ba ƙanana ba ne. Kwana biyar aka yi mini alkawari, sai da na yi kwana goma sha tara. Rashin wuta yana cikin dalilai, domin ba a tayar da janareta sai aiki ya taru, amma babban dalilin shi ne ana karɓar aiki fiye da abin da hannu ɗaya zai iya, kuma dattijon ba ya sakar wa yaransa aikin awo. Babu wanda zai kira ka ya ce ba a gama ba, sai ka bar shagonka ka shiga cunkoson Ƙofar Ruwa ka je ka ji da kunnenka. Ga mai odar sallah a wuya, kwana goma sha huɗu na jira asara ce ta gaske, kuma na rasa mai saye ɗaya a dalilin haka.

Na biyu, ban-ruwan ƙarfe da ido ake yi, babu tanda mai ma'aunin zafi. Sabon dayis ɗin da aka ba ni ya yi tauri har ya yi gautsi, kuma bai kai bugu ɗari biyu ba ya dare gida biyu da ƙara kamar an fasa kwalba. Da na mayar, bai yi musu ba. Ya duba karayar ya ce ba a sake ɗumama shi yadda ya kamata ba bayan an ba shi ruwa, ya yi wani bai karɓi kuɗin aiki ba, amma ni na sayi ƙarfen, na kuma ƙara kwana shida. Abin ya dame ni, domin mutumin da ya koya mini kada in amince wa ido a gashin tagulla, shi ma da ido yake gasa ƙarfensa. Haka kuma ba a ba da rasit, ba a rubuta awo, duk lissafin yana cikin kansa, ta yadda idan dayis ya lalace yana tafiya ko ba shi da lafiya, babu takardar da za ka kai wa wani. Abu na ƙarshe da ba zan iya yin shiru a kansa ba shi ne yaran da ke kan dutsen wasa ba sa sa gilashin kariya, tartsatsi yana tashi dab da idonsu, kuma da na yi magana sai aka ce sun saba.

Kuɗin da na biya gaba ɗaya, har da ƙarfen da na sake saye, bai kai rabin abin da na ware don sababbin dayis uku ba, kuma bai karɓi ko sisi a kan zaman da ya yi yana rarrabe ɓatattun ba, duk da cewa a nan ne mafi yawan amfanin yake. Ɓarnata ta sauko daga kusan talatin a ɗari zuwa uku ko huɗu, yawancinsu kuma a ranakun da ƙura ta yi yawa ne. Mai aikin matsi, ko na tagulla ko na alminiyam, wanda kayansa ke fitowa da aibi bai san dalili ba, ya je da ɓatattunsa ba a wanke ba, da guntun farantin da yake amfani da shi, da man da yake shafawa, kuma ya je aƙalla wata biyu kafin lokacin da yake buƙatar aikin. Wanda yake son a yi masa dayis mai yawa cikin gaggawa, ko mai buƙatar tauri da aka auna aka rubuta, ya nemi manyan wurare a Sharaɗa ko Bompai. Ni dai bayan babbar sallah zan kai masa dayis ɗin zoben kube, zan tafi da littafi in rubuta kowane awo da bakinsa, kuma zan riƙe wa yaran gilashi biyu.